SHARHI: Gaba ba tare da saɓani ba: Darasin binciken Shanto Iyengar ga Abuja kafin 2027

Tun kafin a buga gangar zaɓen 2027, zafin siyasa ya riga ya sauka a Abuja. Ana jin sa a sanarwar da hadiman manya ke fitarwa dare da rana, ana jin sa a zaurukan WhatsApp na ma'aikatu, ana jin sa a motocin da ke kwaso ma'aikata daga Mararraba, Kubwa da Gwagwalada zuwa Sakatariyar Tarayya. Wanda ya kasa kunne zai lura cewa gardamar ba ta daɗewa a kan haraji, ko farashin fetur, ko rabon kuɗin shiga tsakanin tarayya da jihohi. Nan da nan take komawa kan mutane: su wane ne waɗancan, daga ina suka fito, me ya sa ba za a taɓa amincewa da su ba.

Wannan tazara da ke tsakanin saɓani a kan manufa da ƙin jinin mutum, ita ce wani masanin kimiyyar siyasa na Jami'ar Stanford ta Amurka, Farfesa Shanto Iyengar, ya ƙarar da ƙuruciyarsa da manyantakarsa yana aunawa. Sama da shekara 50 ke nan yana bin tambaya guda: me saƙon siyasa ke yi wa wanda ya ji shi? Amurka ce fagen bincikensa, kuma kuskure ne a ɗauko sakamakonsa a jibge wa Nijeriya yadda yake. Duk da haka, wanda aikinsa shi ne rubuta wa minista jawabi, ko mayar wa 'yan adawa martani, ko tantance sunayen masu neman aiki, zai ga kansa a cikin binciken, domin a kan irin waɗannan ayyuka ya fi yin magana.

Mai gwaji a fagen masu hasashe

Iyengar ɗan asalin Indiya ne. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Iowa a farkon shekarun 1970, kuma rubuce-rubucensa na farko sun duba yadda yara 'yan makaranta a jihar Andhra Pradesh ta Indiya ke koyon son jam'iyya tun ba su isa jefa ƙuri'a ba. Daga baya ya koyar a jami'ar Stony Brook da ke jihar New York da Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, sannan ya koma Stanford a ƙarshen shekarun 1990, inda ya jagoranci cibiyar binciken sadarwar siyasa.

Lokacin da ya shigo fagen, ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin masana shi ne kafafen yaɗa labarai ba su da wani tasirin a zo a gani. Tun binciken da Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka yi a jihar Ohio a zaɓen 1940 aka tsaya a kan cewa jarida da rediyo sukan ƙarfafa wa mutum abin da ya riga ya yarda da shi ne kawai. Matsalar ita ce, ƙuri'ar jin ra'ayi ba ta iya rarrabe sanadi da sakamako. Idan aka tarar masu kallon wata tasha sun fi tsanar gwamnati, tashar ce ta sa su tsane ta, ko tsanar ce ta kai su tashar?

Iyengar ya bi hanyar likitoci masu gwada magani. A raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a nuna wa kowane gida saƙo iri ɗaya in ban da abu guda da aka sauya, sannan a auna bambancin. Duk abin da ya bambanta gidajen biyu bayan haka, wannan abu guda ne ya haifar da shi. Da wannan dabara ya gina kusan dukkan aikinsa.

Abin da talabijin ke ɗora wa mutum

Littafin da ya fito da sunansa shi ne News That Matters na 1987, wanda ya rubuta tare da Donald Kinder. Sun gayyaci mutanen gari suna kallon labaran yamma na talabijin kwanaki a jere, ba tare da sun san an yi wa labaran kwaskwarima ba. Wani rukuni an ƙara masa rahotanni kan raunin tsaron ƙasa, wani kan gurɓatar muhalli, wani kan tsadar kaya. Da aka kammala, rukunin tsaro da na muhalli sun ɗaga darajar matsalar da aka fi nuna musu. Abu na biyu da suka gano ya fi wannan nauyi: mutanen sun koma auna shugaban ƙasa da wannan matsala. Wanda aka cika wa kunne da batun tsaro, da tsaro yake yanke wa shugaba hukunci. Ke nan mai tsara labarai ba ya buƙatar ya ce wa kowa ya zaɓi wane. Ya ishe shi ya zaɓa wa mai kallo ma'aunin da zai auna 'yan takara da shi.

A 1991 ya ƙara wani mataki da littafin Is Anyone Responsible?, inda ya raba labarai gida biyu. Akwai labarin mutum guda, kamar a nuna wata uwa da ba ta da abin ciyar da 'ya'yanta. Akwai kuma labarin tsari, wanda ke kawo alƙaluman rashin aiki, da manufofin gwamnati, da yadda tattalin arziki ke tafiya. Gwajin ya nuna cewa waɗanda suka kalli labarin talauci ta fuskar mutum guda sun fi ɗora laifin a kan talakan kansa, waɗanda suka kalli labarin tsari kuma sun fi tuhumar gwamnati da al'umma. Tunda talabijin ta fi son labarin mutum guda, domin shi ke da fuska da hawaye, sakamakon shi ne masu mulki na samun sauƙin kuɓuta daga tuhuma.

Duk hadimin da ya taɓa shirya hoton mai gidansa yana miƙa wa wata gwauruwa buhun shinkafa, ya yi aiki da wannan dabara ko da bai taɓa jin sunan Iyengar ba. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kokawar sadarwa a Nijeriya ta kasance a kan wannan gaɓa. Ɓangare guda na so a kalli wanda ya amfana da tallafin rage raɗaɗi, ɗaya ɓangaren na so a kalli ma'aikacin da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba ya kai shi ƙarshen wata. Dukansu labarin mutum guda ne. Bayanin inda kuɗin tallafin ya tafi, da nawa jihohi suka karɓa, da me suka yi da shi, shi ne labarin tsari, kuma shi ne ya fi ƙaranci.

Wani gwaji da ya yi da Franklin Gilliam, wanda aka buga a 2000, ya fi kusa da gida. Sun nuna wa mazauna Los Angeles rahoton aikata laifi. A wani rukuni ba a nuna hoton wanda ake zargi ba sam. Duk da haka kusan kashi 60 cikin 100 na wannan rukuni sun ce sun ga hotonsa, kuma kusan kashi 70 na waɗanda suka faɗi haka sun ce baƙar fata ne. Yawan maimaita labari iri ɗaya ya sa ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da kanta. A ƙasar da kanun labarai suka saba liƙa wa mai garkuwa da mutane, ko ɗan damfara, ko dillalin ƙwaya sunan ƙabilarsa, ba sai an yi dogon bayani kan abin da wannan ke nufi ba. Bayan shekaru ana yi, ko an daina ambaton ƙabilar, mai karatu zai ambata da kansa.

Yarfe da ƙin fita zaɓe

A 1995 Iyengar da Stephen Ansolabehere suka fitar da Going Negative, kan tallace-tallacen yaƙin neman zaɓe masu sukar abokin hamayya. Sun shirya talla biyu masu hoto ɗaya da murya ɗaya, sai dai a ɗaya ɗan takara na yabon kansa, a ɗayan kuma yana kushe abokin karawarsa. Waɗanda suka kalli tallar suka, niyyarsu ta fita zaɓe ta ragu da kusan maki 5 cikin 100, kuma abin ya fi taɓa waɗanda ba su da jam'iyya. Fassarar marubutan ita ce, yarfe na zaburar da 'yan gani-kashe-ni, amma yana korar mutanen tsakiya, waɗanda kan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan sakamako bai tsira daga suka ba. Steven Finkel da John Geer sun ƙalubalance shi a 1998, sannan a 2007 Richard Lau da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarce sama da 100, suka ce babu tabbatacciyar hujjar cewa yarfe na rage fitowa zaɓe. Sai dai sun gano abubuwa biyu da ya kamata masu tsara kamfe su sani. Na farko, babu hujjar cewa suka ta fi yabon kai kawo ƙuri'a. Na biyu, tana ɗan rage amincewar jama'a da gwamnati baki ɗaya.

Nan ne batun ya shafi ma'aikacin tarayya. Fitowar masu zaɓen shugaban ƙasa a Nijeriya ta faɗo daga kusan kashi 69 cikin 100 a 2003 zuwa kusan 44 a 2015, da 35 a 2019, da 27 a 2023. Dalilan suna da yawa: tsaro, wahalar karɓar katin zaɓe, ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da tsaurara tantance masu zaɓe da na'ura, wadda ta rage aringizon ƙuri'u. Ba za a ɗora wa yarfe kaɗai ba. Amma idan kowane ɓangare ya shafe shekara huɗu yana shelar cewa ɗayan taron ɓarayi ne, jama'a kan gaskata duka biyun, kuma rashin yardar ba ta tsayawa a kan 'yan siyasa. Tana bin jami'in haraji, da mai allurar rigakafi, da mai ƙidayar jama'a har ƙofar gidan da suka je.

Rarrabuwar zuciya

Gudunmawar Iyengar mafi girma ta zo ne a 2012, bayan ya shekara 40 a fagen. A lokacin masana a Amurka sun rabu biyu. Morris Fiorina na cewa talakawan ƙasar ba su rarrabu ba, shugabanninsu ne suka rarrabu. Alan Abramowitz na cewa rarrabuwar ta sauko har ƙasa. Dukansu ra'ayi kan manufofi suke aunawa. Iyengar, tare da Gaurav Sood da Yphtach Lelkes, suka ce akwai abin da ba a auna ba, wato yadda mutum ke ji a zuciyarsa game da 'yan ɗaya jam'iyyar.

Tun shekarun 1970 akwai wata tambaya da ake yi wa Amurkawa a babban binciken zaɓe na ƙasa: su ba kowace jam'iyya maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda suke ƙaunarta. Makin da mutane ke ba jam'iyyarsu ya tsaya a kusan 70. Wanda suke ba ɗaya jam'iyyar kuwa ya faɗo daga kusan 50 a ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙasa da 30 a 2016. Son nasu bai ƙaru ba, ƙin na wasu ne ya ƙaru. A 1960, kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ne kawai suka ce ransu zai ɓaci idan ɗansu ko 'yarsu ta auri ɗan wata jam'iyya. A 2010 adadin ya kai kashi 49 a tsakanin 'yan Republican da kashi 33 a tsakanin 'yan Democrat. Sun kuma lura cewa wannan gaba ba ta da alaƙa mai ƙarfi da ra'ayin mutum kan manufofi, kuma ta fi tsanani a jihohin da ake zafafa yaƙin neman zaɓe.

A 2015 shi da Sean Westwood suka gwada ko gabar na fita daga baki ta shiga aiki. Sun ba mutane takardun ɗalibai biyu masu neman tallafin karatu, suka ce su zaɓi guda. A cikin takardun an saka wata 'yar alama: wannan shugaban ƙungiyar matasan Republican ne a makarantarsu, wancan na matasan Democrat. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu jam'iyya sun zaɓi ɗan jam'iyyarsu, kuma yawancinsu ba su sauya ba ko da ɗayan ya fi shi maki. Da aka kwatanta da wariyar launin fata, sai aka tarar ta jam'iyya ta fi ƙarfi. Bayanin da suka bayar shi ne, al'ummar Amurka ta koyi jin kunyar nuna wariyar launi a fili, amma babu mai jin kunyar nuna wa ɗan wata jam'iyya bambanci, shugabanni ma su ke koyar da hakan.

Wani binciken da suka faɗaɗa zuwa Birtaniya, Beljiyam da yankin Basque na Sifaniya ya nuna cewa har a ƙasashen da harshe ko ƙabila suka daɗe da raba jama'a, mutane sun fi ƙin amincewa da ɗan wata jam'iyya fiye da ɗan wata ƙabila. A 2018 kuma ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na ma'aurata a Amurka jam'iyyarsu ɗaya. Mutumin da ya fara da yadda yaran Andhra Pradesh ke gadon jam'iyya, ya dawo kan gida a matsayin makarantar farko ta ɓangaranci.

Laifin intanet ne?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kafofin sada zumunta ne suka jawo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2009 Iyengar da Kyu Hahn sun ɗauki labarai iri ɗaya suka liƙa musu tambarin tashoshi daban-daban. 'Yan Republican suka rinƙa zaɓar mai tambarin Fox News, 'yan Democrat suka guje shi, har a labaran wasanni da yawon buɗe ido.

Sai dai lissafin shekarun bai goyi bayan ɗora wa intanet duka laifin ba. Gabar ta fara hauhawa tun kafin a ƙirƙiri Facebook a 2004. A 1987 aka soke ƙa'idar da ta tilasta wa gidajen rediyo da talabijin na Amurka ba kowane ɓangare dama, shirye-shiryen rediyo masu zafi suka biyo baya, Fox News ta buɗe a 1996. Levi Boxell, Matthew Gentzkow da Jesse Shapiro sun nuna a 2017 cewa rarrabuwar ta fi ƙaruwa a tsakanin 'yan sama da shekara 65, waɗanda suka fi kowa ƙarancin amfani da intanet. Da suka kwatanta ƙasashe 12 masu arziki, Amurka ce ta fi hauhawa, alhali a Jamus, Norway da Sweden gabar raguwa ta yi, duk da cewa su ma suna da intanet. A 2023 aka buga sakamakon gwajin da aka yi da haɗin gwiwar kamfanin Meta a lokacin zaɓen Amurka na 2020, inda aka sauya wa dubban mutane tsarin abin da suke gani a Facebook da Instagram na tsawon wata uku, amma ra'ayinsu bai motsa yadda za a iya aunawa ba.

Nijeriya ta gwada toshe kafa. An dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma zaɓen da ya biyo baya na cikin mafiya zafin kalamai tun 1999. Rikicin bayan zaɓen 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 800 cikin kwana uku, ya faru ne lokacin da wayar zamani ba ta wadata ba. Waya na ƙara wa magana gudu, amma wani ne ke ƙera maganar. Binciken da BBC ta fitar a Janairun 2023 ya nuna yadda ake biyan masu tasiri a kafofin sada zumunta domin yaɗa ƙarya kan abokan hamayya. Sojojin baka na gidajen rediyon Kano sun daɗe suna wannan sana'a kafin a san wani abu wai shi data.

Inda Nijeriya ta bambanta

A Amurka jam'iyya gado ce, mutum kan mutu a wadda aka haife shi a ciki. A Nijeriya riga ce. A 2015 Bola Tinubu, Atiku Abubakar da Rabi'u Kwankwaso duk suna APC. A 2019 Atiku da Peter Obi tikiti ɗaya suka tsaya a PDP, Kwankwaso na tare da su. A 2023 mutum huɗun nan suka fito a jam'iyyu huɗu. Saboda haka tambayar ko mutum zai aurar da 'yarsa ga ɗan wata jam'iyya ba za ta auna komai a nan ba, domin kafin a kai lefe surukin ya sauya sheƙa.

Abin da ba ya sauyawa shi ne jingina ga mutum, da yanki, da addini. Sakamakon 2023 ya nuna haka: Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso miliyan 1.49. Obi ya haura kashi 90 cikin 100 a Anambra da Enugu, kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kwankwaso kuma daga Kano suka fito. Muhawarar tikitin Musulmi da Musulmi ta mamaye watanni, kuma zaɓen gwamnan Legas na Maris ɗin shekarar ya rikiɗe ya zama gardamar wa ke da gari.

Masaniyar siyasa Lilliana Mason ta bayyana cewa gaba ta fi muni idan jam'iyya, addini, launi da mazauni suka hau kan layi ɗaya, har faɗuwa zaɓe ta zama kamar an kayar da duk abin da mutum yake. Masu tsara kundin mulkin Nijeriya sun hango wannan tun 1979. Shi ya sa sashe na 134 na kundin 1999 ya wajabta wa mai neman shugabanci samun kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi, sashe na 14 ya kawo tsarin daidaiton rabon muƙamai, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma a sashe na 92 ta haramta kalaman kamfe masu taɓa addini ko ƙabila. Sauya sheƙar da ake yi wa dariya, duk da illarta, tana hana layukan daskarewa wuri ɗaya. Haɗarin shi ne ranar da kowane yanki da kowane addini zai samu jam'iyyarsa ta dindindin.

Abin da ke rage ta, da iyakarsa

Binciken bai tsaya a kan gano cuta ba. Douglas Ahler da Gaurav Sood sun nuna a 2018 cewa Amurkawa na zaton kashi 38 cikin 100 na 'yan Republican na samun sama da dala 250,000 a shekara, alhali kashi 2 ne kacal. Da aka gyara wa mutane irin wannan zato, gabarsu ta ɗan sassauta. Yawancin abin da mutum ke ƙi, hoto ne da aka zana masa a ka.

Gwajin da ya fi dacewa da Nijeriya a Kaduna aka yi shi. Alexandra Scacco da Shana Warren sun sa ɗaruruwan samari Musulmi da Kirista a kwas ɗin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa abin da samarin ke faɗa game da juna bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji mai gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya yin adalci ga wanda ba nasu ba. Alamu sun nuna cewa zama da naka zalla shi ke ƙara son kai. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga hikimar kafa hukumar yi wa ƙasa hidima a 1973, gargaɗi ne kuma ga duk ofishin da mai gida ya cika da 'yan garinsu tun daga sakatare har direba.

Akwai iyaka. David Broockman, Joshua Kalla da Westwood, abokin aikin Iyengar, sun gwada rage wa mutane gaba, suka tarar hakan bai sauya matsayinsu kan karya ƙa'idojin dimokuraɗiyya ba. Sanyaya zuciya ba ya maye gurbin hukumar zaɓe mai gaskiya da kotu mai adalci. Cewa irin wannan gyara ya fito daga cikin gidan Iyengar kansa, alama ce ta yadda fagen ke tafiya: a gwada, a buga, a bar wani ya rusa in zai iya.

Tebur biyu a Abuja

Idan aka tattara aikin shekara 50, zai sauka a kan tebur biyu. Na farko teburin hadimi ne. Binciken ya nuna cewa gaba daga sama take saukowa, magoya baya na kwaikwayon harshen shugabanninsu ne, shugabannin kuma sau da yawa abin da aka rubuta musu suke karantawa. Sanarwar da ta ce alƙaluman ɗan adawa ba daidai ba ne, ta kawo na daidai, ta yi aikinta. Wadda ta kira shi maƙiyin ƙasa, ko ta jawo ƙabilarsa cikin zancen, babu tabbacin za ta ƙara ƙuri'a ko ɗaya, amma tabbas za ta rage wa gwamnatin da ake karewa amincin da take buƙata washegarin zaɓe. Magana zarar bunu ce, kuma a siyasar da abokin gabar bana kan zama abokin tafiyar baɗi, hadimin ne ake bari da abin da ya rubuta bayan manya sun sasanta. Yarjejeniyar zaman lafiya irin wadda kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ke sa 'yan takara su rattaba wa hannu tun 2015 ba ta da amfani idan ta tsaya a kan manya ba ta sauko kan masu riƙe musu waya ba.

Na biyu teburin ma'aikaci ne. Gwajin tallafin karatu na 2015 shi ne abin da ke faruwa kullum a ofisoshin tarayya: takardu biyu, gurbi ɗaya, da wata 'yar alama a suna, ko jiha, ko abin da mutum ya wallafa a Facebook lokacin zaɓe. Dokokin aikin gwamnati sun hana ma'aikaci tsunduma cikin siyasar jam'iyya, kodayake hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar INEC da Balarabe Musa ya bar gardama kan iyakar wannan hani. Abin da babu gardama a kansa shi ne sashe na 42 na kundin mulki, wanda ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, mahaifa, jinsi, addini, ko ra'ayin siyasa. Mutanen da suka shiga gwajin Iyengar ba miyagu ba ne, kuma ba wanda ya tilasta musu. Hanyar kauce wa abin da suka yi sananniya ce: a rubuta ma'aunin zaɓe kafin a buɗe fayil, a cire suna da jiha a matakin ba da maki inda doka ta yarda, a haɗa kwamiti mai gauraye.

Zaɓen 2027 zai zo ya wuce. Wasu hadiman za su kwashe kayansu, wasu su shigo. Ma'aikacin da ke mataki na 12 a yau kuwa yana nan, zai yi wa duk wanda ya ci aiki, zai kuma ci gaba da zama ofis ɗaya da wanda ya zaɓi wani daban. A Birnin Tarayya, inda Obi ya fi kowa ƙuri'a a 2023 amma APC ke riƙe da fadar shugaban ƙasa, wannan shi ne halin kusan kowace ma'aikata. Yadda waɗannan mutane za su yi da fayil ɗin juna a watanni masu zuwa zai nuna zurfin rarrabuwar Nijeriya fiye da duk wata ƙuri'ar jin ra'ayi.